Ubuntu ta sauya sudo da coreutils da na Rust: in ɗaukaka kwamfutocin cibiyarmu ko in dakata?

Habu, Sabon Gari

Assalamu alaikum, malamai da ƴan uwa. Ina kula da kwamfutoci 15 a wata ƙaramar cibiyar koyar da aikin kwamfuta da ke unguwar Sabon Gari a nan Damagaram, kuma dukkansu tsarin Linux na Ubuntu 24.04 ne a kansu. Na samu labarin cewa a Ubuntu 25.10, wadda ta fito a watan Oktoban 2025, kamfanin Canonical, mai fitar da Ubuntu, ya cire kayan aikin GNU coreutils daga matsayinsu na asali, wato ls da cp da sort da date da sauran ƴan uwansu, ya sa na wani aiki da ake kira uutils waɗanda aka rubuta da yaren Rust, sannan ya maye gurbin sudo, umarnin da yake ba mutum ikon mai kula da kwamfuta, da sudo-rs. An kuma ce burinsu shi ne sauyin ya shiga Ubuntu 26.04, wadda ita ce siga mai dogon tallafi da za ta gaji wadda muke amfani da ita.

Abin da ya dame ni shi ne rabin aikin cibiyar yana tafiya ne a kan wasu ƙananan fayilolin umarni da na rubuta da hannuna. Akwai wanda yake kwafe rajistar ɗalibai zuwa kile ta USB kowace yamma ya sa mata kwanan wata, akwai wanda yake share babban fayil ɗin kowane ɗalibi idan zangon karatu ya ƙare, akwai kuma wanda yake jera sunaye bisa haruffa domin takardar sakamako. Haka nan a cikin fayil ɗin sudoers, inda ake rubuta dokokin sudo, na ba mataimakina izinin kashe kwamfutocin gaba ɗaya ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ba, saboda idan wutar lantarki ta ɗauke batir ɗinmu ba ya riƙe su da daɗewa. Tambayata ita ce: shin waɗannan abubuwa za su ci gaba da aiki yadda suke, kuma mene ne dalilin da zai sa a taɓa kayan aikin da suka shekara da shekaru suna yin abin da aka sa su? Kuɗin intanet a nan ba abin wasa ba ne, don haka ba na so in sauke sabon tsari in saka, daga baya in koma in sake sauke tsohon.

Malam Yusufu, Birni

Wa alaikumus salam, Malam Habu. Amsa a taƙaice ita ce kada ka taɓa kwamfutocin aiki yanzu. Ubuntu 24.04 tana da tallafin tsaro har zuwa shekarar 2029, ita kuwa 25.10 siga ce ta wucin gadi mai tallafin wata 9 kacal, kuma da gangan aka fara saka sauyin a cikinta domin matsalolin su bayyana kafin a kai ga siga mai dogon tallafi. Jon Seager, wanda yake cikin shugabannin sashen injiniyoyi na Canonical, shi ne ya bayyana shirin a watan Maris na 2025, kuma bai ɓoye cewa ana tsammanin samun tangarɗa ba.

Sai dai ina so ka san cewa wannan ba shi ne karo na farko ba, kuma abin da ya faru a baya yana nuna inda irin wannan sauyi ya saba yin cizo. A Ubuntu 6.10, a shekarar 2006, an sauya abin da sunan /bin/sh yake nunawa, wato shirin da yake gudanar da fayilolin umarni, daga bash zuwa dash, saboda dash ya fi ƙanƙanta da sauri, kuma a wancan zamani tashin kwamfuta gaba ɗaya ya dogara ne da fayilolin umarni masu yawa da ake gudanarwa ɗaya bayan ɗaya. A takarda babu abin da ya kamata ya lalace, domin duk fayil ɗin da ya fara da #!/bin/sh ya yi alkawarin cewa zai tsaya a kan ƙa'idar POSIX, wadda bash da dash duka suke fahimta. A aikace kuwa mutane da yawa sun rubuta #!/bin/sh a layin farko, sannan suka cika sauran layukan da abubuwan da bash kaɗai ya sani, kamar baka biyu [[ ]] wajen gwaji, da kalmar source, da jerin ƙimomi a cikin suna ɗaya. Muddin bash ne yake ɓoye a bayan sunan, babu wanda ya lura. Ranar da dash ya hau kujerar, sai fayiloli suka fara mutuwa a tsakiyar aiki. Har sai da aka riƙa amfani da wani ɗan kayan aiki mai suna checkbashisms domin farautar irin waɗannan layuka, kuma Debian, tsarin da aka gina Ubuntu a kansa, ba ta mai da dash ya zama na asali ga kowa ba sai a Debian 6.0, a 2011.

Abin lura a nan shi ne fayil ɗin umarni ba ya dogara da sunan kayan aiki, yana dogara ne da halinsa: wane zaɓi yake karɓa, da wane tsari yake fitar da amsa, wace lamba yake mayarwa idan ya gaza. Kayan aikin GNU, waɗanda aka haɗa su wuri ɗaya da sunan coreutils a 2002 daga fileutils da textutils da sh-utils, sun tara ɗabi'u masu yawa da ba duka ne aka rubuta a littafin bayani ba, kuma duniya ta yi gini a kansu. Aikin ya yi kama da sauya tubalin gindin katanga a tsohon gidan ƙasa na Birni alhali iyali suna ciki: zai yiwu, amma sai ka cire tubali ne kake sanin abin da yake ɗauke da shi. Masu aikin uutils sun san da haka, shi ya sa suke auna kansu da jerin gwaje-gwajen da GNU kanta take amfani da su, kuma suna ɗaukar duk wani bambanci da GNU a matsayin kuskure daga ɓangarensu.

Ga misalin da ya fi kusa da damuwarka. Jim kaɗan bayan fitowar 25.10 aka gano cewa sabunta tsaro ta atomatik ba ta gudana a kwamfutoci da dama. Dalilin shi ne umarnin date yana da zaɓin -r, wanda aikinsa shi ne ya faɗi lokacin da aka yi wa wani fayil gyara na ƙarshe. Tsarin sabuntawa yana ajiye wani fayil a matsayin shaida, kullum ya tambayi date yaushe aka taɓa shi, idan ya ga an kwana sai ya nemi sababbin gyare-gyare. Date na uutils ya karɓi zaɓin ba tare da ƙorafi ba, amma sai ya riƙa bayar da lokacin yanzu a maimakon lokacin fayil ɗin, saboda haka kullum tsarin yana ganin kamar yanzun nan ya gama dubawa, sai ya koma ya kwanta. Babu saƙon kuskure, babu abin da ya tsaya. An gyara matsalar cikin ƴan kwanaki, amma wanda abin ya shafa sai da ya sabunta da hannu kafin gyaran ya iso masa, tunda hanyar da gyaran zai bi ita ce ta toshe. Idan fayil ɗinka na kwafe rajista yana duba kwanan watan kwafin jiya kafin ya yanke shawarar yin sabo, to irin wannan shiru shi ne abin tsoro, ba kuskuren da zai yi ihu a allo ba.

Malama Hadiza

Malam Yusufu ya yi bayani mai gamsarwa game da haɗarin, amma Malam Habu ya kuma tambayi dalili, kuma a ganina dole ne a raba maganar gida biyu, domin hujjar sauya sudo daban take da hujjar sauya ls da cp.

Sudo ba kamar sauran umarni yake ba. Duk wanda ya kira shi, ko ɗalibin da ya fara zama a gaban kwamfuta yau ne, shirin yana tashi ne da cikakken ikon root, wato babban asusun da yake iya yin komai a kwamfutar, sannan shi da kansa ya duba ko wanda ya kira shi ya cancanta. Ma'ana, kuskure ɗaya a cikinsa yana iya miƙa wa kowa mulkin kwamfutar. Asalinsa ya koma wajajen 1980 a jami'ar jihar New York da ke Buffalo a Amurka, an rubuta shi da yaren C, kuma Todd Miller ne yake ɗauke da nauyin kula da shi tun shekarun 1990. A watan Janairun 2021 kamfanin tsaro na Qualys ya bayyana wata ɓaraka da aka yi wa laƙabi da Baron Samedit. Idan mutum ya kira sudoedit, wani ɓangare na sudo, da wani zaɓi, ya ƙare abin da ya rubuta da alamar karkatacciyar sanda ta baya, shirin yana zarce iyakar wurin da aka ware masa a memori ya ci gaba da rubutu a inda ba nasa ba, kuma da wannan duk mai asusu a kwamfutar zai iya zama root ko da sunansa ba ya cikin sudoers. Kuskuren ya shiga ne a 2011, wato ya yi kusan shekara 10 a kwance a cikin shirin da dubban ƙwararru suke dubawa. Irin wannan zarce iyaka shi ne ainihin abin da Rust yake hanawa, wani tun lokacin harhaɗa shirin, wani ta hanyar tsayar da shi kafin ya yi ɓarna. A ɗakin da ɗalibai suke karɓa-karɓa a kan kwamfuta ɗaya, kamar naka, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ba na cewa Rust maganin komai ne. A tsakiyar 2025 an sake gano wata babbar ɓaraka a sudo ta hanyar zaɓin chroot, kuma ita ba ta da alaƙa da memori, kuskuren tunani ne wajen tsara aikin, wanda ana iya yin irinsa da kowane yare. Shi ya sa na fi ganin darajar mataki na biyu da masu sudo-rs suka ɗauka, wato ƙin kwaikwayon duk abin da tsohon yake yi. Gidauniyar Trifecta Tech da take kula da shi ta bar wasu abubuwa a waje da gangan, kamar ajiye dokokin sudoers a LDAP, wato ma'ajiyar asusu ta tsakiya da kwamfutoci da yawa suke dubawa, da aika wasiƙa idan wani ya gwada abin da ba a yarda masa ba. OpenBSD, wani tsarin kwamfuta daban, ta daɗe da bin wannan tunani, domin tun a siga ta 5.8, a 2015, ta fitar da sudo daga ainihin tsarinta ta sa doas na Ted Unangst, wanda ƙaramin shiri ne ƙwarai idan aka kwatanta. Dokar da ka rubuta wa mataimakinka, ta kashe kwamfuta da NOPASSWD, wato ba tare da kalmar sirri ba, tana cikin abubuwan yau da kullum da sudo-rs yake fahimta. Wanda ya kamata ya damu shi ne mai babbar ma'aikata da ta jingina da abubuwan da aka bari a waje. Kuma a 25.10 tsohon sudo bai ɓace ba, ana iya komawa kansa.

Game da coreutils kuwa, gaskiya hujjar tsaro ba ta da ƙarfi haka. Umarnin ls ko sort yana gudana ne da ikon wanda ya kira shi, ba ya ɗaga kowa sama da matsayinsa, kuma kayan GNU sun daɗe da nuna cewa suna da inganci. Hujjar da ta rage ita ce ta gaba: samun matasan da za su ci gaba da kula da shirin, da sauƙin yin gyara ba tare da an buɗe sabuwar ƙofa ba. Hujja ce mai ma'ana, amma ribarta ta nan da shekaru ce, wahalarta kuma ta yau ce, kuma masu ƙananan fayilolin umarni irin naka su ne suke ɗanɗana ta.

Lawali, Zengou

Malama, na yarda da rabon da kika yi, amma akwai abin da ba a ambata ba, kuma a wurina shi ne babba. Kayan GNU coreutils suna ƙarƙashin lasisin GPL siga ta 3, wanda ya wajabta wa duk wanda ya gyara shirin kuma ya raba shi wa mutane cewa ya saki tushen gyaran nasa a ƙarƙashin wannan sharaɗi. Uutils kuwa lasisin MIT gare shi, wanda ya ba kowane kamfani damar ɗauka, ya gyara, ya rufe, ya sayar a cikin na'urarsa ba tare da ya nuna wa kowa abin da ya sauya ba. Tun da Richard Stallman ya ƙaddamar da aikin GNU a 1983, manufar ita ce mai amfani da kwamfuta ya kasance yana da haƙƙin ganin abin da yake gudana a kanta. Mu da ba mu da kuɗin sayen lasisin kamfanoni, kuma muke koyo ta hanyar buɗe shiri mu karanta, mu ne muka fi cin moriyar wannan sharaɗi. Mun ga yadda Apple ya tsaya a kan bash 3.2 shekara da shekaru bai ɗauki sigogin da suka koma GPL 3 ba, har ya mai da zsh na asali a 2019. Canonical ta ce ba lasisi ne ya motsa ta ba, kuma ba ni da hujjar ƙaryata ta, amma sakamakon ɗaya ne ko da niyya ko babu niyya. A maganar sudo wannan ƙorafi bai taso ba, domin shi dama can lasisinsa mai sassauci ne.

Malam Habu, idan ba ka son shiga wannan gwaji gaba ɗaya, Debian 13 da ta fito a watan Agustan 2025 tana nan da kayan GNU da tsohon sudo, kuma wanda ya saba da apt, umarnin saka shirye-shirye, a Ubuntu ba zai ji baƙunta a can ba.

Malam Yusufu, Birni

Lawali, maganar lasisi gaskiya ce, sai dai uutils da Ubuntu take rabawa buɗaɗɗe ne, ɗalibin Malam Habu zai iya karanta shi kamar yadda zai karanta na GNU, kuma FreeBSD ta daɗe tana rayuwa da kayan aikinta masu lasisi mai sassauci. Sauya tsarin kwamfutoci 15 zuwa Debian shi ma aiki ne mai cin intanet, kuma ba gaggawa ake yi ba.

Ga abin da zan yi da ni ne. Ka ware kwamfuta ɗaya da ba a koyarwa a kanta, ka sauke hoton 25.10 sau ɗaya tak, ka saka mata. Ka fara da buga ls --version domin ka tabbatar da wanda yake amsawa, GNU ne ko uutils. Sannan ka ɗauki kwafin bayanai iri ɗaya, ka gudanar da kowane fayil ɗin umarninka a tsohuwar kwamfuta da sabuwar, ka tura abin da kowannensu ya fitar zuwa fayil, ka kwatanta su da diff. Kada ka tsaya a kan abin da ido yake gani, ka buga echo $? bayan kowane umarni, domin lambar da yake mayarwa ita ce take yanke hukuncin ko layi na gaba zai gudana. Fayil ɗin da yake share manyan fayilolin ɗalibai shi ya fi bukatar kulawa: ka sa echo kafin rm, umarnin gogewa, a gwajin farko, yadda zai nuna maka abin da zai goge ba tare da ya goge ba.

Inda nake so ka fi zuba ido shi ne jera sunaye, saboda yanayinmu ya bambanta da na waɗanda suka rubuta yawancin gwaje-gwajen. Umarnin sort ba shi da tsarin haruffa guda ɗaya, yana bin saitin harshe na kwamfutar ne. Idan saitin LC_ALL=C ne, yana jera sunaye bisa lambobin da ke ƙarƙashin haruffa, saboda haka Ɗahiru da Ɗayyabu da Ƙasimu za su faɗa can ƙasa bayan Zakari, haka ma duk sunan da ya fara da É na Faransanci, kuma manyan baƙaƙe daga A zuwa Z za su riga ƙanana. Idan kuwa saitin fr_FR.UTF-8 ne, wanda yawancinmu muke zaɓa lokacin sakawa, sort na GNU yana neman taimakon laburaren glibc, wanda yake da ƙa'idojin jerawa na harsuna, har da saitin Hausa mai suna ha_NG. Wanda ya sake rubuta sort daga farko dole ne ya sake samar da wannan hali, kuma ba a Turanci bambancin zai fito ba, a sunayen ɗalibanka zai fito. Haka nan date a saitin Faransanci yana rubuta sunan wata da na rana da Faransanci, don haka idan kana sa kwanan wata a sunan fayil, ka rubuta tsarin da kanka, kamar date +%Y-%m-%d, wanda babu ruwansa da harshe. Idan ka ga bambanci, ka kai rahoto ga masu uutils tare da misalin sunayen, domin da wuya wani a Turai ya gano matsalar ƙ da ɗ a madadinmu.

Abu na ƙarshe: ko 26.04 ta fito, Ubuntu ba ta saba yi wa masu siga mai dogon tallafi tayin ɗaukakawa ba sai bayan fitowar gyararren bugu na farko, wato mai lamba .1, wanda yakan zo bayan wasu watanni. Wannan jira ba a banza aka sa shi ba.

Habu, Sabon Gari

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Zan bar kwamfutocin koyarwa a kan 24.04, in ware ta ofis domin gwajin. Na duba fayil ɗin jera sunaye yanzu, babu wani saitin harshe a cikinsa, yana bin duk abin da ya tarar ne, saboda haka zan rubuta saitin a fili a layin sort ɗin kafin ma in fara kwatantawa. Lawali, zan saka Debian 13 a tsohuwar kwamfutar da ke ajiye domin ɗaliban da suka yi nisa su ga bambancin da idonsu.

Malama Hadiza, saura tambaya ɗaya a gare ki. Kafin in kwafi fayil ɗin sudoers zuwa kwamfutar gwajin, akwai hanyar da zan tabbatar sudo-rs ya fahimci kowane layi, don kada in rufe kaina a waje?

Malama Hadiza

Akwai, Malam Habu. Sudo-rs yana zuwa da nasa visudo, kuma zaɓin -c yana duba fayil ɗin ya faɗa maka layin da bai gane ba ba tare da ya sauya komai ba. Ka ajiye dokar mataimakinka a fayil na daban a cikin /etc/sudoers.d maimakon ka taɓa babban fayil ɗin, kuma kafin ka fara gyaran ka buɗe taga ta biyu ka shiga a matsayin root ka bar ta a buɗe, har sai ka gwada dokar da asusun mataimakin ka ga kwamfutar ta karɓi umarnin kashewa ba tare da ta nemi kalmar sirri ba.